Jijiyoyin jininka ba sa kuka sai abu ya ɓaci

Kafin mu yi nisa, ina roƙonka wata 'yar alfarma. Juya tafin hannunka ya kalli sama, ka ɗora yatsu biyu na ɗaya hannun a wuyansa, ta gefen babban yatsa, ka danna a hankali. Ka ji wani abu yana ɗan harbawa? To wannan jijiyar jini ce take buɗewa tana komawa duk lokacin da zuciyarka ta turo jini. Tun kana cikin mahaifiyarka take wannan aiki, kusan sau dubu 100 a kowace rana, ba hutun Sallah, ba yajin aiki.

Ni ba ɗalibin likitanci ba ne. Aikin jarida nake karantawa, kuma rabona da darasin bayoloji tun sakandare. Abin da ya mayar da ni kan wannan darasi wani abu ne da ya faru a gidanmu bara. Yayana ne, ɗan baffana, mai shekara 37, yana da shagon yadi a kasuwa. Mutum ne ƙaƙƙarfa, bai taɓa kwanciya a asibiti ba. Wata safiya yana shan shayi sai kofin ya suɓuce daga hannunsa. Matarsa ta ce, "Yallaɓai, lafiya?" Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta ƙi fita daidai, bakin ya karkace gefe guda. Mutanen gida suka fara cewa iska ce, aka kawo hayaƙi, aka yi ta shafe-shafe. Sai wajen azahar aka kai shi asibiti. Da aka auna jininsa, lambar sama ta haura 200. Hoto ya nuna wata 'yar jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa.

Likita ya tambaye mu yaushe rabon da a auna masa jini. Muka kalli juna. Bai taɓa aunawa ba. Ni ma da nake tsaye ina zare ido ban taɓa ba. Kai fa?

Suna ɗaya, aiki daban-daban

Wani ɓangare na matsalar daga harshenmu yake. Bahaushe yana kiran abubuwa da yawa da sunan jijiya. Abin nan mai tauri da ke ƙin taunuwa a cikin nama, jijiya ne. Igiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, waɗanda idan sun taɓu mutum ya ji ƙafa tana masa yam-yam, su ma jijiya ne. Wanda nas take lalube a bayan hannu idan za ta sa ƙarin ruwa, shi ma jijiya ne. Shi ya sa idan wani ya ce yana ciwon jijiya, sai ka yi ta tambaya kafin ka gane wacce yake nufi.

Waɗanda muke magana a kansu yau su ne masu rami a ciki kamar bututu, waɗanda jini ke gudana ta cikinsu. Babban mutum yana ɗauke da jini kusan lita 5, kuma ko yana zaune zuciyarsa tana tura kusan lita 5 ɗin a kowane minti. Wato kafin ka gama karanta wannan sakin layi da na gaba, jinin jikinka ya zagaya ya dawo. Hanyoyin da yake bi iri uku ne, kuma idan ka san cikin tsohon birni irin Kano ko Zariya ko Katsina, ka riga ka san tsarin: akwai manyan tituna, akwai layuka, akwai lunguna, sannan akwai hanyar dawowa.

Manyan tituna: masu fita da jini

Na farko su ne jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki. A bakin likitoci sunansu ateri. Uwarsu duka ita ce awota, wadda ta fito kai tsaye daga zuciya, faɗinta kusan santimita 2 da rabi zuwa 3, kamar tiyon ban-ruwa. Daga ita ake ta rassa, kowane reshe ya fi na bayansa siranta, har su kai kai, hannu, ƙoda, hanji da ƙafa. Wadda ka taɓa a wuyan hannunka ɗazu ɗaya ce daga cikinsu.

Bangon irin wannan jijiya hawa uku ne. Na ciki shimfiɗa ce mai santsi, siririya ƙwarai, wadda ke sa jini ya wuce sumul ba tare da ya manne ko ya daskare ba. Na tsakiya tsoka ce haɗe da zare mai talewa kamar roba. Na waje kuma riga ce mai ƙarfi da ke riƙe jijiyar a mazauninta. Wannan roba ta tsakiya tana da muhimmanci. Zuciya ba ta zuba jini a jere kamar famfo, bugu-bugu take turo shi. Idan ta buga, babbar jijiya sai ta buɗe ta karɓa. Idan zuciya ta saki don ta sake cika, sai jijiyar ta koma ta matso jinin gaba. Da haka jini ba ya tsayawa tsakanin bugu da bugu.

Ƙananan rassan kuma, su ne 'yan sandan hanya. Tsokar bangonsu tana tsukewa ko ta saki, ta rage jini a nan ta ƙara a can. Ka ci tuwo ka ƙoshi, a ƙara wa hanji. Ka shiga fili buga ƙwallo, a ƙara wa cinyoyi. Da sanyin hunturu jijiyoyin fata suna tsukewa don kada ɗumin jiki ya tsere, shi ya sa yatsunka ke yin sanyi ƙalau a lakcar ƙarfe bakwai. A zafin watan Afrilu kuma su buɗe don jiki ya fitar da zafi. Duk wannan ba tare da an nemi izininka ba. Jijiya abu ce mai rai, tana ji, tana amsawa, kuma tana gajiya.

Lunguna: inda ake ainihin cinikin

Rassan nan suna ta sirancewa har su zama 'yan mitsi-mitsin hanyoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake kira kafilari. Silin gashin kanka ya ninka ɗaya daga cikinsu kauri kusan sau goma. Tsananin matsinsu ya sa jajayen ƙwayoyin jini suke wucewa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma sai sun lanƙwasa, kamar mutane a lungun da ba ya ɗaukar mutum biyu. Bangonsu ƙwayar halitta ɗaya tak ne kaurinsa. Ta wannan siririn bango iskar oksijin da sinadaran abinci suke fita su shiga nama, dattin jiki da gurɓatacciyar iska kuma su shigo cikin jini a tafi da su. Duk wahalar da zuciya da manyan jijiyoyi suke sha, don a kawo kaya wannan lungu ne.

An daɗe ba a san da su ba. Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya kuma rasu a 1288, ya rubuta cewa jini yana bi ta huhu ne daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini zagaye yake yi, ya fita daga zuciya ya dawo mata. Amma bai ga mahaɗar da ke tsakanin hanyar fita da ta dawowa ba har ya mutu a 1657. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya leƙa huhun kwaɗo da madubin ƙara girma ya ga waɗannan lunguna.

A cikinmu babu wanda ya san su kamar masu sikila. Ƙwayar jini lafiyayyiya a zagaye take, tana da laushi, tana lanƙwasawa ta wuce. Ta mai sikila takan ƙandare ta koma siffar lauje, ta maƙale a lungu, na baya su taru, jini ya daina isa wurin. Wannan azabar ciwon ƙashi da kake ganin abokinka yana birgima saboda ita, nama ne yake kukan rashin oksijin. Sanyi, ƙishirwa da zazzaɓi suna iya tayar da ciwon. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Don haka idan soyayya ta fara ƙarfi, a je a yi gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Hanyar dawowa gida

Bayan jini ya sauke kaya, sai ya kama hanyar komawa zuciya ta jijiyoyi na uku. Su ne waɗanda kake gani sun yi kore-kore ko sun taso a bayan hannunka, su ne kuma nas take nema. Kada launin ya ruɗe ka, jinin cikinsu ja ne, sai dai ya fi duhu saboda oksijin ɗinsa ya ragu. Bangonsu bai kai na masu fita kauri ba, raminsu ya fi faɗi, kuma ƙarfin turawar zuciya ya riga ya yi rauni kafin jini ya iso su. A cikinsu kusan kashi biyu cikin uku na jinin jikinka yake a kowane lokaci idan kana hutawa.

To ta yaya jini yake hawowa daga tafin ƙafa zuwa ƙirji alhali kana tsaye? Dabara biyu ce. A cikin jijiyoyin ƙafa akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kawai, jini ya wuce su rufe, ba ya komawa ƙasa. Sannan duk lokacin da ka taka, tsokar sha-raɓarka tana matse jijiyoyin ta tura jinin sama. Tafiyarka ita ce famfon.

Ka tuna yaran da suke yanke jiki su faɗi a asambili idan shugaban makaranta ya tsawaita jawabi cikin rana? Sau da yawa abin da ke faruwa ke nan: an daɗe a tsaye ba motsi, jini ya taru a ƙafafu, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Da an kwantar da yaron an ɗaga ƙafafunsa sai ya farfaɗo. Haka idan ƙofofin nan suka yi rauni, jijiyoyin ƙafa sukan kumbura su murɗe, abin da ake yawan gani ga masu aikin tsayuwa da mata masu ciki. Dogon zama ma yana da nasa haɗarin. Wanda ya naɗe ƙafa a mota daga Kano zuwa Legas, jini yana iya daskarewa a jijiyar can cikin ƙafarsa, gudan kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Idan direba ya tsaya shan mai ko cin abinci, sauka ka taka. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan doguwar tafiya, asibiti za ka nufa, ba wajen mai tausa ba.

Lambobi biyun nan

Yanzu mu koma kan yayana. Idan aka naɗa maka abin awo a damtse, lambobi biyu ake faɗa, misali 120 bisa 80. Ta sama ƙarfin da jini yake dukan bangon jijiya ne lokacin da zuciya ta buga. Ta ƙasa kuma ƙarfin da ya rage lokacin da ta saki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu ta sama 140 ko fiye, ko ta ƙasa 90 ko fiye, to hawan jini ne. Hukumar ta ce manya fiye da biliyan ɗaya ne suke da shi a duniya, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba.

Mu a nan mun mayar da shi ciwon tsofaffi da masu tunani. "Kada ka sa min hawan jini," in ji iyayenmu idan mun ɓata musu rai. Gaskiya ne damuwa tana ɗaga jini, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai gado, akwai gishiri, akwai ƙiba, akwai rashin motsa jiki, akwai taba, akwai ciwon ƙoda. Mutum yana iya zama mai fara'a, siriri, ɗan shekara 28, jininsa yana sama. Kuma mafi yawan lokuta ba ya jin komai. Ba ciwon kai, ba jiri. Jijiya ba ta aiko da saƙo cewa ana cutar da ita.

Ga abin da ke faruwa a ɓoye. Shekara da shekaru jini yana dukan bango da ƙarfin da ya wuce kima. Tsokar bangon sai ta yi kauri don ta jure, ramin ya ƙara tsukewa, robar ta ƙandare. Shimfiɗar nan mai santsi ta ciki ta fara gurjewa, kitse ya samu wurin maƙalewa, ya yi ta taruwa. Rana ɗaya ko dai gudan jini ya toshe hanyar, ko bangon da ya gaji ya fashe. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Idan a jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta ne, bugun zuciya. Idan a ƙoda ne, wadda cike take da 'yan ƙananan jijiyoyi masu tace jini, a hankali a kai ga wankin ƙoda, kuma ka san yadda wannan yake cinye dukiyar gida. Ido ma yana taɓuwa, haka ƙarfin ɗa namiji, domin shi ma aikin jijiyoyin jini ne. Likitoci sun daɗe da gano cewa taruwar kitse a bangon jijiya tana fara alamunta tun mutum yana matashi. Abin da ya kayar da mutum a shekara 45, sau da yawa a irin shekarunmu ya fara.

'Yar'uwa, ke ma da ke ake. Hawan jini lokacin goyon ciki shi ne yake kai wa ga ciwon jijjiga, wanda ke kashe uwa da ɗa. Awon jinin da ake yi a wajen awon ciki, don a kama shi da wuri ne.

Abin da ke hannunmu

Ba sai ka zama likita ba. Fara da sanin lambarka. Yawancin asibitocin unguwa da manyan kyamis suna da na'urar, asibitin makaranta ma haka, kuma abin bai fi minti biyar ba. Zauna ka huta tukuna, ka jingina bayanka, ka ɗora hannun a tebur daidai ƙirji, ka yi shiru. Kada ka sha kofi ko taba rabin awa kafin awon. Rubuta lambar a wayarka da kwanan wata. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, idan ya hau a sake wata rana, idan ya ƙi sauka a ga likita. Idan akwai mai hawan jini a gidanku, kai ne ka fi kowa buƙatar wannan.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Yanzu lissafa naka. Garau-garau da rana, an barbaɗa gishiri, an marmasa magi, ga yaji wanda shi ma da nasa a ciki. Da dare taliyar nan ta minti biyu wurin mai shayi, an juye sinadarinta duka an ƙara dunƙule. Ga tsire, ga kilishi. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam irin na gishiri. Ba cewa nake ka koma cin lami ba, ni ma ɗan makaranta ne, na san yadda aljihu yake. Amma rage rabi abu ne mai yiwuwa, harshe kuma yana sabawa cikin 'yan makonni.

Sai hayaƙi. Sinadarin nikotin yana tsuke jijiyoyi ya ɗaga bugun zuciya, hayaƙin kuma yana lalata shimfiɗar ciki. Shisha ba ta fita daga wannan ba. Ƙamshin tuffa da ruwan da hayaƙin ke ratsawa ba sa wanke gubar, ga hayaƙin gawayi a kai. Lemukan ƙara kuzari da muke ɗirka a makon jarrabawa su ma suna ɗaga jini na ɗan lokaci, balle a sha gwangwani biyu ko uku a dare ɗaya ba barci.

Sai motsi. Abin da ake so shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri. Minti 30 ke nan sau biyar. Daga hostel zuwa aji a ƙafa maimakon hawa adaidaita ya rage maka wani abu, ya kuma bar maka kuɗin kati.

Idan akwai wanda aka ɗora kan magani a gidanku, ka zama mai tuna masa. Mutane da yawa suna dainawa da zarar sun ji garau, alhali maganin ne ya sa jinin ya sauka. Ba a dainawa sai likita ya ce.

Na ƙarshe, ka riƙe alamu uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta sarƙe. Ko ɗaya ka gani farat ɗaya, a nufi asibiti nan take. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko abinci, yana iya shaƙewa. A wannan yanayi kowane minti ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna mutuwa. Mu mun yi asarar awanni a tsakar gida, kuma har yau ina tunanin abin da zai bambanta da mun fita da shi tun da safe.

Yayana yana nan da rai. Yana takawa da sanda, yana zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako, maganarsa ta dawo amma a hankali. Ƙaninsa ne yake zama a shago. Hannun daman da yake auna yadi da shi har yanzu bai iya riƙe almakashi ba. Ranar da na je gaishe shi na ce masa zan yi rubutu a kan abin da ya same shi, sai ya ce, "Ka gaya musu su je a auna su." Mako guda bayan an sallame shi na je asibitin makaranta aka auna ni, na samu 118 bisa 76, na rubuta a waya. Na ja abokan ɗakina uku muka koma tare. Ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara 24, an ce ya dawo a sake dubawa, ya dawo, yanzu yana ganin likita.

Ranar 17 ga Mayu ce ranar yaƙi da hawan jini ta duniya, amma ba sai ka jira ta ba. A wannan makon ka nemi inda za a auna ka, kuma ka tafi da mahaifiyarka ko mahaifinka idan suna kusa.